Attawapiskat, Afrilun 2016: Garin da Mutum 11 Suka Yi Yunƙurin Kashe Kansu a Rana Ɗaya

Ranar Asabar 9 ga Afrilun 2016, mutum 11 suka yi yunƙurin kashe kansu a Attawapiskat, wani ƙaramin gari na ƙabilar Cree, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasa da Turawa suka tarar, da ke can ƙuryar arewacin lardin Ontario a ƙasar Kanada. Mutanen garin gaba ɗaya kimanin 2,000 ne. A daren ranar shugaban garin, Bruce Shisheesh, ya zauna da 'yan majalisarsa suka ayyana dokar ta-ɓaci, irin wadda aka saba ayyanawa idan ambaliya ta ci gari ko gobara ta tashi. Da suka fito da lissafin da ke hannunsu, sai aka ga abin ya daɗe yana ci. A watan Maris kaɗai an samu yunƙuri 28. Daga Satumban 2015 zuwa wannan daren an haura 100. Mafi ƙanƙanta cikin masu yunƙurin mai shekara 11 ne, mafi tsufa mai 71. Tun a watan Oktoba an binne wata yarinya 'yar shekara 13. Kwana biyu da ayyana dokar, aka kwashi yara 13 zuwa asibiti bayan an ji suna shirin tafiya tare. Akwai mai shekara 9 a cikinsu.

Mai karatu a wajenmu, da ya ji labarin kashe kai, hukuncin addini ne zai fara zuwa ransa, kuma babu jayayya cewa haramun ne. Mutanen Attawapiskat ma, da yawansu Katolika ne, abin da cocinsu ya koya musu ke nan. Sai dai hukunci bai amsa tambayar da ke gaban ma'aikacin lafiya ba: me ya sa a nan, me ya sa yara? Idan mutum ɗaya ya kwana da gudawa, abin da ya ci ake tambaya. Idan gida 30 suka kamu da kwalara a mako guda, ba a tsayawa binciken halin kowane majiyyaci, rijiyar da suke sha ake zuwa a leƙa. Yunƙuri 100 a gari mai mutum 2,000 cikin wata 7 lamari ne na rijiya.

Garin da abin da aka gina shi a kai

Attawapiskat yana bakin kogin da ya ci sunansa, kusa da inda kogin ke faɗawa tekun James Bay. Babu titin da ya haɗa shi da sauran ƙasar. Jirgin sama ake shiga, ko jirgin ruwan kaya idan ƙanƙara ta narke, sai kuma 'yan makonni a tsakiyar hunturu da ƙasa da koguna ke daskarewa har a shimfiɗa hanyar ƙanƙara daga garin Moosonee. Duk abin da za a ci, ko a gina gida da shi, ta waɗannan hanyoyi yake zuwa, saboda haka kuɗin madara da kayan miya ya ninka na birane. Sanyi kuwa yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, har ya wuce.

Kakannin mutanen garin ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Iyali-iyali suke bin daji da koguna, suna kamun kifi, suna farautar dinya da manyan namun daji, suna kai fatu kantin Turawa. Zaman dindindin a gari guda bai kama su sosai ba sai tsakiyar ƙarni na 20. Ƙasar da suke yawo a cikinta ta shiga hannun gwamnati ta Yarjejeniya ta 9, wadda aka fara sa wa hannu a 1905 aka faɗaɗa ta a 1929 da 1930. Abin da aka bar musu shi ne keɓaɓɓen yanki, wanda dokar Indiyawa ta 1876 (sunan da Turawa suka laƙaba wa 'yan asalin ƙasar ke nan) ke mulka har yau.

Wannan doka ita ce ƙashin bayan labarin. A ƙarƙashinta filin keɓaɓɓen yanki yana hannun gwamnatin tarayya, ita ke riƙe da shi a madadin al'umma. Mutum ba zai iya jinginar da filin a banki ya karɓi bashi ya gina gida ba. Kuɗin gidaje, na makaranta, na ruwa, daga Ottawa, babban birnin ƙasar, suke zuwa, yawanci shekara-shekara, kowanne da sharuɗɗansa da takardun da za a cike. Lafiya kuma an raba ta gida biyu: asibitoci aikin lardi ne, amma 'yan asalin ƙasa nauyin tarayya ne. Illar wannan rabo tana da suna a Kanada. Jordan River Anderson, yaro ɗan Cree daga lardin Manitoba, ya rasu a 2005 yana da shekara 5 a asibitin Winnipeg ba tare da ya taɓa kwana a gida ba, saboda gwamnatocin biyu sun shafe shekaru suna gardamar wa zai biya kuɗin jinyarsa a gida. A 2007 majalisar wakilan ƙasar ta amince da ƙa'idar da aka sa wa sunansa: a fara yi wa yaro hidima, gwamnatoci su yi rigimar kuɗin daga baya. Amincewa aka yi a takarda. Aiki da ita sai da aka kai ruwa rana.

Yaran da aka kwasa asibiti a 2016 sun taso ne suna ganin abubuwa uku da idanunsu.

Na farko makaranta. A 1979 man dizal mai yawa ya tsiyaye daga bututu ya shige ƙarƙashin makarantar firamare ta garin. Yara da malamai suka ci gaba da zama a kansa suna kukan ciwon kai da tashin zuciya har shekara ta 2000, lokacin da aka rufe ginin. Aka zuba yaran a azuzuwan wucin gadi, wai na ɗan lokaci. Ministoci suka yi alkawarin sabuwar makaranta, suka saɓa. Wata ɗaliba, Shannen Koostachin, tana da shekara 13 ta jagoranci 'yan ajinsu zuwa Ottawa a 2008, minista ya gaya musu ƙiri-ƙiri babu kuɗi. Ta ci gaba da fafutuka har ɗalibai a faɗin Kanada suka mara mata baya. Hatsarin mota ya kashe ta a 2010 tana da shekara 15, a kudu, inda dole ta tafi neman sakandare mai inganci. Sabuwar makarantar sai a 2014 aka buɗe ta. Shekara 14 ke nan, wato akwai yaran da suka shiga firamare suka fita ba su taɓa zama a ainihin ginin makaranta ba.

Na biyu muhalli. A watan Oktoban 2011 shugabar garin ta lokacin, Theresa Spence, ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda hunturu na tafe alhali akwai iyalai a tantuna da rumfunan katako, babu famfo, babu masai sai bokiti. Kimanin mutum 90 suna cunkushe a tirelolin ma'aikata da kamfanin haƙar ma'adinai ya bayar tun 2009, bayan ruwan masai ya malale cikin gidaje. Gidajen da ke tsaye da yawa fumfuna ta cinye su. Sai da ƙungiyar Red Cross ta kai barguna da na'urorin ɗumama ɗaki, a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi arziki a duniya. Amsar gwamnatin Firayim Minista Stephen Harper ita ce ta naɗa wa garin kantoman kuɗi daga waje. A watan Agustan 2012 kotun tarayya ta ce wannan mataki bai dace ba, domin matsalar da ke ƙasa ta gidaje ce. Gaskiya ne kuma cewa binciken kuɗi da aka fitar a farkon 2013 ya samu yawancin kashe-kashen da aka duba ba su da cikakkun takardu. Wannan aibi ne, ba na kare shi. Amma an yi amfani da shi an karkatar da hankalin ƙasa daga yaran da ke kwana a tanti zuwa zancen rasit, kuma har 2016 akwai gidajen da sama da mutum 10 ke kwana a cikinsu. Yarinyar da ake cin zarafinta a irin wannan gida ba ta da ɗakin da za ta kulle kanta. Yaron da ke son karatu ba shi da inda zai ajiye littafi, barci ma karɓa-karɓa ake yi.

Na uku lu'ulu'u. Kilomita 90 yamma da garin, a ƙasar kakanninsu, kamfanin De Beers ya buɗe mahaƙar Victor a 2008, mahaƙar lu'ulu'u ta farko a Ontario. An ƙulla yarjejeniya da garin a 2005, wasu sun samu aiki, ana zuba kimanin dalar Kanada miliyan 2 a shekara a asusun amana. Duk da haka yaro yana ganin manyan motoci suna wucewa ta hanyar ƙanƙara zuwa mahaƙa, shi kuma ya koma gida ya tarar da bokiti. Ba ya buƙatar kowa ya yi masa bayanin matsayinsa.

Abin da ya faru da iyaye da kakanni

Kudu da Attawapiskat akwai Fort Albany, inda makarantar kwana ta St. Anne's ta kasance, wadda limaman Katolika da mata masu zaman zuhudu suka gudanar da kuɗin gwamnati har zuwa 1976. Yaran Attawapiskat da yawa can aka kai su. Tana cikin tsarin da ya raba yara kimanin 150,000 da iyayensu a faɗin Kanada, da nufin kankare musu harshe da al'ada, tsarin da makarantarsa ta ƙarshe ba ta rufe ba sai a shekarun 1990. Ko a cikin waɗannan makarantu St. Anne's ta yi ƙaurin suna. Waɗanda suka fito daga cikinta sun ba da shaidar bulala, da fyaɗe, da tilasta wa yaro cin amansa, da wata kujera da aka haɗa da wutar lantarki ana ɗora yara a kai. 'Yan sandan Ontario sun yi bincike a shekarun 1990, an samu wasu tsofaffin ma'aikatan makarantar da laifi. A 2014 sai da kotu ta tilasta wa gwamnatin tarayya ta miƙa takardun wannan bincike ga masu neman diyya, domin ta riƙe su. Harper ya nemi gafara a madadin ƙasa a 2008, kuma a 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu ta kira tsarin kisan ƙare dangi a kan al'adun mutanen.

Ta yaya abin da aka yi wa kaka a 1965 zai kai jika asibiti a 2016? Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yaron da aka ɗauke yana da shekara 6, aka raine shi da duka, ba a taɓa rungumarsa ba, ya dawo yana jin kunyar harshen uwarsa, shi ne zai zama uba ba tare da ya taɓa ganin yadda ake uba ba. Wasu suka nemi mantuwa a giya. Wasu abin da aka yi musu suka yi wa na ƙasa da su, kuma ba a magana, saboda a gari mai mutum 2,000 mai laifin ɗan'uwa ne. Bincike a tsakanin 'yan asalin Kanada ya nuna cewa 'ya'yan waɗanda suka yi makarantun kwana sun fi sauran tunanin kashe kai da yunƙurinsa, ko da su kansu ba su taɓa taka makarantar ba.

Ƙanƙantar gari tana da nata hannun. A babban birni idan matashi ya kashe kansa, mutum 20 ko 30 ne abin zai girgiza. A Attawapiskat kowa ya san mamacin, kowa ya je jana'iza, rabin 'yan ajinsa danginsa ne. Masana sun daɗe da sanin cewa kashe kai yakan yi naso a tsakanin matasa, mutuwa ɗaya ta jawo yunƙuri da yawa, musamman idan yaran da ba a taɓa kula su ba suka ga yadda gari ke tsayawa cik saboda wanda ya tafi. Facebook ya ƙara wa wannan naso sauri. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke gargaɗin 'yan jarida kada su bayyana hanyar da aka bi, kada kuma su kambama labarin.

Abin da alƙaluma suka ce, da abin da suka ɓoye

Hukumar ƙididdiga ta Kanada ta fitar da nazari a 2019 kan shekarun 2011 zuwa 2016. Cikin kowane mutum 100,000 a shekara, waɗanda ba 'yan asalin ƙasa ba 8 ne ke mutuwa ta hanyar kashe kai. A tsakanin Al'ummomin Farko, rukunin da Cree ke ciki, 24.3 ne, ninki uku. A tsakanin Métis, masu tushe daga auratayyar 'yan asalin ƙasa da Turawa, 14.7. A tsakanin Inuit, 'yan asalin can arewa mai nisa, 72.3, ninki tara.

Waɗannan su ne alƙaluman da jaridu suka fi ɗauka, kuma wanda ya tsaya a kansu zai tafi da mummunar fahimta, ya ɗauka akwai wani abu a jinin mutanen ko a al'adarsu. Nazarin nan da kansa ya rushe wannan zato: fiye da kashi 60 cikin 100 na al'ummomin ba a samu ko mutum ɗaya da ya kashe kansa a cikinsu ba a tsawon lokacin. Ninki ukun nan matsakaici ne da aka samu ta hanyar haɗa garuruwa masu yawa da ke zaune lafiya da wasu 'yan kaɗan da ke cin wuta. Nazarin ya kuma nuna cewa a tsakanin manya, abubuwa irin su kuɗin shiga, aikin yi, ilimi da wurin zama su ne suka ɗauki mafi yawan tazarar da ke tsakanin Al'ummomin Farko da sauran jama'a.

Tun 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Michael Chandler da Christopher Lalonde, suka bi diddigin wannan bambanci a lardin British Columbia. Sun duba al'ummomi kusan 200 a shekarun 1987 zuwa 1992, suka auna kowace da abubuwa 6: tana da wani mataki na mulkin kanta, tana fafutukar dawo da ƙasarta, tana riƙe da makarantunta, da harkar lafiyarta, da 'yan sanda da 'yan kwana-kwananta, kuma tana da ginin da ta keɓe don al'adunta. Inda babu ko ɗaya, matasa 137.5 cikin 100,000 ne ke kashe kansu. Inda dukkan 6 suka cika, ba a samu ko ɗaya ba. Wanda ya fi nauyi a cikinsu shi ne mulkin kai. A 2007 suka ƙara da nazarin harshe tare da Darcy Hallett, suka samu cewa inda aƙalla rabin jama'a ke iya hira da harshensu na gado, kashe kai tsakanin matasa kusan babu shi.

Fassarar da suka yi wa sakamakon ta kwanta mini. Matashi yana cikin shekarun da jikinsa da tunaninsa ke sauyawa, abin da ke riƙe shi a ranar baƙin ciki shi ne ya iya hango kansa nan da shekara 10, ya ga wannan mutum na gaba shi ne, kuma ya cancanci a jira shi. Al'ummar da ke riƙe da jiya ɗinta, take kuma da ta cewa a kan gobenta, tana ara wa yaro wannan hange lokacin da nasa ya dushe. Wadda aka yanke ta daga baya aka ƙwace mata gaba ba ta da abin arawa.

Amma Attawapiskat yana gargaɗin duk mai son ya mayar da wannan bincike laya. Harshen Cree yana raye a garin, ana jin sa a gida da coci, har yanzu iyalai na fita farautar dinya. Bai hana abin da ya faru ba. Harshe da al'ada suna kare yaro, amma ba za su ɗauke nauyin gida mai fumfuna da asirin da ake binnewa a cikinsa ba. Ina jin tsoron yadda wasu jami'ai suke son zancen al'ada, domin taron kiɗan gargajiya ya fi gina gidaje 100 araha.

Martanin gwamnati

Labarin ya zaga duniya cikin kwana biyu. Ranar 12 ga Afrilu majalisar wakilai ta yi muhawarar gaggawa bisa buƙatar Charlie Angus, ɗan majalisar da ke wakiltar yankin a lokacin. Ministan lafiya na Ontario, Eric Hoskins, ya sauka garin da alkawarin dala miliyan 2 da tawagar gaggawa ta ma'aikatan lafiya. Ministar harkokin 'yan asalin ƙasa, Carolyn Bennett, ita ma ta je. Masu zanga-zanga suka mamaye ofisoshin ma'aikatarta a Toronto da Winnipeg da wasu birane. A watan Yuni Firayim Minista Justin Trudeau ya gana da Shisheesh a Ottawa, ya sanar da dala miliyan 69 na shekara 3 don lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan asalin ƙasa, har da ma'aikata biyu na dindindin a Attawapiskat. A watan Oktoba aka buɗe layin waya na dare da rana, wanda ake iya neman mai jin Cree a kansa.

Ba na raina wannan. 'Yan ma'aikatan lafiyar garin sun riga sun galabaita, kuma yaron da ke kan gaɓa a daren nan mutum yake buƙata a gabansa, ba zai jira a gyara dokar 1876 ba. Tawagar ta yi aikin da ya wajaba. Sai dai ihu ne bayan hari, kuma ba don rashin gargaɗi ba. Tun 1995 wata hukumar bincike ta ƙasa ta fitar da rahoto na musamman kan kashe kai tsakanin 'yan asalin Kanada. Majalisar Mushkegowuk, wadda ta haɗa garuruwan Cree na wannan gaɓa har da Attawapiskat, ta kafa nata binciken, ta bi gari-gari tana sauraren jama'a, ta fitar da rahoto a watan Janairun 2016, wata 3 kafin daren Asabar ɗin. Saƙon da ta sa a kan rahoton shi ne babu mai son mutuwa, raɗaɗin ake so ya tsaya. A watan nan na Janairu kuma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Kanada ta yanke hukunci, a ƙarar da Cindy Blackstock, mai fafutukar kare haƙƙin yaran 'yan asalin ƙasa, ta jagoranta, cewa gwamnatin tarayya tana nuna wa yaran keɓaɓɓun yankuna bambanci wajen kuɗin kula da su. A watan Maris garin Pimicikamak na Manitoba ya ayyana tasa dokar ta-ɓacin bayan mutuwar mutum 6. Duk wanda ke riƙe da muƙami a Ottawa ya sani.

Su kansu matasan Attawapiskat, da aka tara su aka tambaye su, ba likitoci suka sa a gaba ba. Cibiyar matasa suka nema, da wurin wasa, da ɗakin karatu, da a riƙa fita da su daji tare da dattawa, da a koya wa iyayensu tarbiyya, da a tsare shigowar ƙwaya da giya. Abubuwa ne da yaro a Toronto bai san ana roƙonsu ba.

Wapekeka ne ya nuna iyakar darasin da aka ɗauka. Gari ne mai mutum kimanin 400 a arewa maso yammacin Ontario. A watan Yulin 2016, wata 3 kacal bayan Attawapiskat, shugabanninsa suka rubuta wa ma'aikatar lafiya ta tarayya cewa sun gano wasu 'yan mata na shirin kashe kansu, suna neman kimanin dala 376,000 don su ɗauki ma'aikata. Ba a ba su ba. Bayanin da ma'aikatar ta yi daga baya shi ne buƙatar ta zo a lokacin da bai dace da zagayen kasafin kuɗi ba. A watan Janairun 2017 'yan mata biyu masu shekara 12 suka mutu, kwanaki kaɗan tsakaninsu. Ta uku, ita ma mai shekara 12, ta bi su a watan Yuni. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ambaci wannan lamari a hukuncinta na Mayun 2017, inda ta ce gwamnati ba ta aiki da ƙa'idar Jordan yadda aka umarce ta. Garin ya gano cutar da kansa, ya tsara maganin da kansa, ya faɗi kuɗin. Abu ɗaya ya rasa, ikon sa hannu a takardar fitar da kuɗi.

Daga wannan rashi aka haifi shirin Choose Life a 2017, a ƙarƙashin Nishnawbe Aski Nation, ƙungiyar da ta haɗa al'ummomi 49 na arewacin Ontario. Shirin ya buɗe gajeriyar hanya: gari ya tsara abin da yake ganin zai tsare matasansa, ko masu ba da shawara ne ko zaman daji da dattawa, a biya cikin gaggawa. Abin da Wapekeka ya roƙa ke nan tun farko.

Akwai shaidar cewa irin wannan hanya tana aiki idan aka ba ta lokaci. Ƙabilar White Mountain Apache a jihar Arizona ta Amurka ta kafa doka tun 2001 cewa duk wanda ya ga alamar wani na neman kashe kansa, malami ne ko ɗan sanda ko ma'aikacin asibiti, wajibi ne ya kai rahoto ga wani ofishi na ƙabilar. Daga nan ma'aikata 'yan Apache su bi mutumin har gida, su zauna da shi, su haɗa shi da magani, su kuma dawo su duba shi. Dattawa na shiga makarantu suna koyar da yara. Jami'ar Johns Hopkins tana taimakawa da horo da lissafi, amma rajistar mallakin ƙabilar ce. Da aka kwatanta 2001 zuwa 2006 da 2007 zuwa 2012, mace-macen sun ragu da kashi 38 cikin 100, a lokacin da na Amurka gaba ɗaya ke hawa. Ba tawagar da aka sauke daga jirgi ta zauna wata guda ba ce. Maƙwabta ne da aka horar aka biya su albashi, suna nan bara, suna nan bana.

A Attawapiskat kuwa tsugune ba ta ƙare ba. A 2019 mahaƙar Victor ta daina aiki bayan shekara 11, ayyukan da ta samar suka tafi da ita. A watan Yulin shekarar majalisar garin ta sake ayyana dokar ta-ɓaci, wannan karon a kan ruwan famfo. Gwaji ya nuna yana ɗauke da sinadarai masu illa fiye da ƙima, irin waɗanda ke samuwa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ruwan tafki. Aka shawarci jama'a su taƙaita wanka, kada su wanke abinci da shi, na sha kuma su ci gaba da ɗebowa a jarka daga tashoshin tacewa. Theresa Spence da wata 'yar majalisar garin suka shiga yajin cin abinci don a saurare su. Yaran da aka kwasa asibiti a 2016 suna cikin waɗanda aka gaya wa haka, mafi ƙanƙantarsu yana da shekara 12 a lokacin.